Fim Na Ashirin Da Uku

A duk Kwalejin Ashmere da ke kudancin Ohio, babu wanda aka ɗauka a fim kamar Orval Tackett, ko da kuwa shugaban kwalejin ne. Shi kuwa Orval ba kowa ba ne illa mai shara da goge-goge a gidan kwanan ɗalibai da ake kira Bell: hawa huɗu, banɗaki goma sha shida, da matattakala guda da ta ci masa gwiwar hagu.

Asalin abin daga wata malama ne, Farfesa Lindqvist, mai koyar da shirya fina-finan gaskiya, waɗanda ba wasan kwaikwayo ba. Duk farkon shekarar karatu takan ce wa sababbin ɗalibanta su je su samo ma'aikaci guda a cikin kwaleji, su yi fim na minti biyar a kansa. Masu dafa abinci su ce aiki ya yi musu yawa, masu gadi su ce doka ta hana. Orval kuwa Allah bai halicce shi da "a'a" a baki ba. Shekara ashirin da biyu, fim ashirin da biyu.

Kowane ɗalibi da irin Orval ɗin da yake so. Wani ya mai da shi gwarzo, wani ya mai da shi abin tausayi. Wata yarinya hannuwansa kawai ta ɗauka, minti biyar cur, ko fuskarsa ba a gani ba. Akwai wanda ya yi nasa baƙi da fari, ya zuba kiɗan goge mai sa kuka, har matar Orval, Glenda, da ta gama kallo ta juyo ta ce, "Kai, Orval, ashe rasuwa ka yi ba a sanar da ni ba?" Ya yi dariya har da tari, ya saka faifan a kwalin takalma inda yake tara sauran.

Abin da ba wanda ya taɓa sawa a fim shi ne dalilin zamansa a wannan aiki, don ba wanda ya tambaya. Kwalejin tana da ƙa'ida: ɗan ma'aikaci ko 'yarsa za su yi karatu kyauta har su gama. Da aka rufe masana'antar gilashin da yake yi wa aiki, Glenda na da ciki, wannan ƙa'idar ce ta kawo shi Ashmere. Sau biyu mijin ƙanwarsa yana kiransa tuƙin babbar mota, aikin da ya fi wannan tsoka nesa ba kusa ba, sau biyu yana cewa na gode. Ya zauna ne saboda 'yarsa tilo, Noreen. Tun tana rarrafe yake goge mata ɗakin da za ta zauna, har ta girma ta shigo karatun aikin jinya, aka kuwa ba ta ɗaki a hawa na uku na gidan Bell. In sun haɗu a matattakala takan ce, "Baba, ka bar tabo can a kwana." Shi kuma ya ce, "Kai ƙarata wajen shugaba, 'yar boko."

Tana shekara ta biyu, saura biyu ta gama, takarda ta iso a watan Fabrairu. Daga ƙarshen Mayu, in ji takardar, an ba wani kamfani kwangilar shara. Mai so ya nemi aiki wurin kamfanin, ba a hana ba, amma shi da kwaleji an raba gari. Orval ya karanta sau uku a ɗan ɗakin ajiye tsintsiya, da burodinsa a cinya. Bai ga sunan Noreen a ciki ba, amma ita kaɗai yake gani a kowane layi.

Ya je ofishin kula da ma'aikata. Matar da ke wurin, Misis Aldridge, ta tashi ta riƙe hannunsa biyu. "Mista Tackett, ni fa na ga fim ɗin nan naka na hannuwa, sai da na yi hawaye."

"To yarinyar fa? Shekara biyu kacal ya rage."

"Wallahi da a hannuna yake... Daga kwamitin amintattu masu iko da kwalejin abin ya zo. Sai Afrilu za su zauna su sa hannu."

Daga nan ya ɗauki kwalin takalminsa ya nufi Farfesa Lindqvist. A tunaninsa, mutumin da aka yi wa fim ashirin da biyu ai ba a share shi kamar ƙura. Malamar ta dubi faya-fayan, ta dubi gwiwarsa, kunya ta kama ta. Ta ce ita ma shekara-shekara ake sabunta mata aiki, in ta ɗaga murya ita ce ta gaba. Amma tana da ɗaliba, Corinne, wadda ba ta taɓa koyar da mai basira irinta ba. A wannan karon ba minti biyar za a yi ba, babban fim za a yi, wanda duniya za ta gani.

Orval ya yarda, ya kuma ba da gaskiya, wanda shi ne abin da ya fi ban takaici. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Mako bakwai Corinne da mai ɗaukar mata sauti, wani dogo mai suna Anselm, suna biye da shi: banɗaki, coci, teburin cin abinci, har asibitin da ake duba masa gwiwa. Glenda ta gaji da kauce wa wayoyi a ɗakin girkinta. "In fim ne zai cece mu," in ji ta, "ai da tuni mun mallaki garin nan."

Saura kwana takwas zaman kwamiti, ya tambayi Corinne ranar da za a nuna.

"Nunawa? Mista Orval, awa sittin fa muka ɗauka. Tacewa da haɗawa kaɗai sai baɗi."

"Baɗi? 'Yar nan, ran Juma'a ta sama za su sa hannu."

Yarinyar ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa shi kwanaki yake ƙirgawa ba, ita kuma shekara. Ta yi kuka, ta zauna ta tsamo minti huɗu daga cikin awa sittin, ta yi ta naci har aka sa su a ƙarshen ajandar zaman. Amintattun suka kalla bayan sun ci abincin rana. An ce har tafi suka yi, shugabansu ya ce a miƙa godiyarsu ga wannan bawan Allah mai riƙon amana. Sannan suka sa hannu kamar yadda aka tsara tun Fabrairu.

Ranar da ɗalibai ke kwashe kaya, Orval ya kawo tsohuwar akori-kurarsa ƙofar Bell. Sauran iyaye suna loda kaya suna cewa sai an dawo hutu. Noreen ta riga ta samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi, ta ce za ta tara kuɗi ta ƙarasa karatun a wani wuri. Tun Fabrairu ba ta yi masa kuka ko sau ɗaya ba, shi kuma bai iya ce mata komai ba sai zancen taya da man mota. Corinne ta roƙi a bar ta ta ɗauki wannan ranar, ta ce fim ɗin ba zai cika ba sai da ita. Ya ce to, kamar kullum.

Suka yi ta hawa da sauka, shi yana ɗingishi. Noreen ta ce, "Baba, bar wannan, ya fi ƙarfin gwiwarka."

"Gwiwar nan ta girme ki a gidan nan."

"Shi ya sa na ce ka bari."

Aka kwashe komai, saura kwali ɗaya na littattafan jinya. Noreen ta rungume shi a ƙirji, suka tsaya a tsakiyar ɗakin, ba labule, ba zanen gado, sai alamun hotuna a bango. Sai Corinne ta ce, "Don Allah kowa ya tsaya cak, minti ɗaya. Shirun ɗaki za mu ɗauka." Haka aikinsu yake: kowane ɗaki da irin shirunsa, sai an naɗe shi kafin a tashi, da shi ake cike tsakanin magana da magana. Anselm ya ɗaga doguwar sandarsa mai makirufo, ya ce an fara.

A cikin wannan mintin Orval ya dubi 'yarsa sosai, karo na farko cikin wata uku. Ya ga haɓarta tana rawa a kan kwalin. Maganar da ya yi ta nema tun ranar da takarda ta zo, ya rasa ta a mota, ya rasa ta a teburin abinci, sai ga ta ta zo masa cif a baki: ki yafe mini, Noreen, iyakar dabarar da nake da ita ke nan, kuma ba ta kai ba. Ya buɗe baki, ya ja numfashi. Anselm, idonsa a kan na'ura, ya ɗaga yatsa ɗaya.

Orval ya rufe bakinsa. Ya tsaya kamar yadda aka ce, har mintin ya cika.

"Madalla, ya fito tas," in ji Anselm. "Mun gode."

Noreen ta gyara riƙon kwalin, ta share fuska da kafaɗa. "Mu je, Baba, kada a ci mu tarar ajiye mota a ƙofa." Ta fita. Yana jin takunta tana sauka hawa na biyu, sannan na ɗaya, shi kuma yana nan tsaye a ɗakin.