Ƙafar Hagun Yayana da Ƙanƙarar Tabuk

Assalamu alaikum Edita. Bari in fara da ƙaramin laifina, ko kunya za ta ɗan sake ni kafin in kai ga babban. Ina ɗan shekara goma sha biyar na ɗauki teburin gugar Ummi, na naɗe ƙafafunsa, na hau kansa a tsaye, na zamo daga hawa na biyu na gidanmu a unguwar Waziriyya. Matakala uku kacal na yi a tsaye, sauran da haƙarƙari na ƙirga su. Maƙwabcinmu ya fito da zanen wanka, ya ce ya zaci tukunyar gas ce ta fashe. Da Ummi ta dawo na ɗora wa kyanwa laifin, kuma har yau teburin a gurguje yake tsaye.

Haka nake a lokacin, bakina ya fi ƙafata gudu. A Jidda aka haife ni, nan aka haifi Abba, kakanmu ne ya zo hajji daga Kano ya zauna. Ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin firij. Amma na kamu da kallon bidiyon mutanen da ke hawa duwatsun da babu hanya babu mai tsaro, su ɗaure ƙafafunsu biyu a kan allo guda, su zamo a kan dusar ƙanƙara kamar aljanu. Wata rana a haraj, kasuwar tsofaffin kaya, na ga irin allon nan jingine tsakanin fanka da keken ɗinki. Na ba da kekena na karɓo shi. Duk Juma'a da yamma sai mu fita tudun yashin da ke bayan gari in yi ta gwaji, kuma a can na koyi dokoki biyu: ka goga wa cikin allo kyandir sosai, in ba haka ba ba zai motsa ba, sannan ka zaɓi gefen da iska ta tara yashi ya yi sumul, don nan ne babu dutse. Kafin wata biyu na cika unguwa da labarin ƙwarewata. Har na gaya wa yara an gayyace ni gasa a ƙasar waje, makaranta ce ta hana ni.

Yayana ya girme ni da shekara biyu, kuma shi ba ya cika baki don ba ya bukata. Ƙafarsa ta hagu ce ke magana. In ya buga ƙwallo a filin unguwa, masu shaguna sukan bar ciniki su leƙo. Wani kulob ya kira shi gwaji, saura kwana goma, kuma Abba da ba ya yabon kowa na gan shi yana goge masa takalman ƙwallo da hannunsa. Yaya yana lallaɓa ƙafar nan kamar ƙwai. Ba ya hawa babur, ba ya wasa ba takalmi, kullum yana shafa mata man zaitun. Ni kuwa ina tsokanarsa cewa saura ya saya mata gadon jarirai.

A hutun sanyi aka ce ƙanƙara ta sauka a duwatsun Tabuk. Kawu, ƙanen Ummi, direba ne mai son yawo, ya ce zai kai mu tare da 'ya'yansa biyu, kowa ya duba iƙamarsa, wato katin izinin zama, ya ɗauko bargo. Abba ya bar Yaya ya bi mu bisa sharaɗin kallo da ɗaukar hoto kawai. Muka yini cur a mota, muka kwana a hanya, da hantsi muka isa. A bakin titi iyalai sun cika, yara na jifan juna da ƙanƙara, manya na shan shayi. Na ce wannan wurin 'yan koyo ne. Wani dattijo ɗan yankin, sanye da farwa, doguwar rigar sanyi mai gashi a ciki, ya ga allon a hannuna. Ya kira ni ɗansa, ya ce ƙanƙarar nan ba ta fi taƙi ɗaya ba, ƙarƙashinta duwatsu ne da ramuka, kada mu zaga bayan dutsen. Na yi masa godiya da Larabci mai daɗi, na juya na ce wa 'ya'yan Kawu da Hausa tsohon nan bai taɓa ganin intanet ba. Suka yi dariya. Kawu na can yana fama da gawayi, muka sulale muka zaga baya, Yaya ya biyo mu don ya sa mana ido.

Hawan kaɗai ya kusa raba ni da numfashi. Safa ta jiƙe, yatsuna suka daina amsa sallama. Can sai na ga abin da nake nema, gangare fari sumul inda iska ta tara ƙanƙara, daidai irin gefen da nake zaɓa a tudun yashi. Na fito da kyandir na goge allon har yana ƙyalli. Sai na tsaya a baki na leƙa ƙasa. Wannan ita ce gaskiyar da ban taɓa rubutawa ba: tsoro ne ya kama ni, kuma na gwammace komai ya faru da a gan shi a fuskata. Sai na ce ai a ƙa'ida gwani ne ke sauka a ƙarshe, don ya ga kurakuran ɗalibai, saboda haka yalla, maza Yaya ya fara. Ya ce in rufa masa asiri, yana da gwaji. Na ce to amarya ta ƙi fitowa, a kawo mata lalle. Na ce wanda ke tsoron garin ƙanƙara, in ɗan baya ya taso masa a fili ai sai ya ruga gida wurin Ummi. Na ce zan ba unguwa labari har da ƙari. 'Ya'yan Kawu suna ta ƙyaƙyatawa. Yaya ya dube ni, ya yi mini tambaya guda, ko na tabbata da abin da ke ƙarƙashi. Na rantse masa da Allah na sani. Ya ce halas, shi ke nan, tunda ƙanensa ya rantse. Ni na ɗaure masa ƙafafun da hannuna, ta hagu a gaba, ni kuma na tura shi.

Allon da a kan yashi sai an lallashe shi, a nan ya tafi kamar an harba kibiya. Kafin in sauke hannu ƙanƙarar ta burma, bakin allon ya shige tsakanin duwatsu biyu ya tsaya cak, jikin Yaya kuwa bai tsaya ba. Na ji ƙara kamar an karya busasshen icce. Bai yi ihu ba. Sunana ya kira a hankali, ya ce in zo in kwance shi. Waya ba ta kamawa a wurin, sai 'ya'yan Kawu suka ruga neman taimako. Dattijon nan da na yi wa dariya shi ya zo da 'ya'yansa, suka ɗauki Yaya a cikin farwarsa har bakin mota. Ni kuwa shayi ma ya miƙo mini. Da mari ya ba ni da na fi jin sauƙi.

Idon sawun ya karye wuri biyu, aka sa ƙarfe. A asibiti Yaya ya gaya wa Kawu, ya kuma gaya wa Abba ta waya, cewa shi ne ya nace sai ya hau, ni ma hana shi na yi. Ina tsaye a gefen gadon na yi shiru, kuma na riƙe shirun nan wata biyar, ina kallon ana yi masa faɗa a kan laifina. Ranar da na kasa daurewa na faɗa wa Abba, ko kai bai ɗaga ba. Ya ce tun ranar ya sani, domin ya san 'ya'yansa, jira kawai yake ya ga yaushe zan zama mutum.

Ga duk wanda wasan nan ya shiga ransa, ina roƙonsa ya fara a wurin da aka tanada, gaban mai koyarwa, kada ya fara da bayan dutse. Abin da ka koya a kan yashi ka bar shi a kan yashi, domin yashi yashi ne har ƙasa, ƙanƙara kuwa mayafi ce a kan abin da ba ka gani. Ka saurari mutanen wurin ko da ba su taɓa riƙe allo ba. In kuma tsoro ya kama ka, ka faɗa da bakinka, kada ka tura wani ya biya maka.

An yi gwajin ba tare da Yaya ba. Yanzu yana gyaran waya a wani shago a unguwar Madain Fahd, yana ɗan ɗingishi in an kunna na'urar sanyi da ƙarfi. Allon yana kan rufin gidanmu, Ummi na shanya barkono a kai. Yaya bai taɓa tayar mini da maganar ba, kuma bai sake buga ƙwallo ba.