Tsagar da aka yi da kwalli

Cikin shekarun da na yi ina surbeyan a wata kolej ta Filinge, ranar wasan kumbo ce ta ƙi fita raina. Surbeyan shi ne mai kula da tsari da ladabin ɗalibai, kuma ba a yin wasa a bikin ƙarshen shekara sai ya bi ta hannunsa.

Muna da malamin Faransanci, Mushe Idi (Mushe shi ne Malam a Faransanci), yaro ne haifaffen Yamai, mai son labaran mutanen da ke tafiya cikin taurari. Shi ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, yaran da ba su buɗa baki a aji suka fara magana. Wannan shekarar ya rubuta wasa a kan ma'aikatan wani kumbo. A al'adarsu, in ji shi, jikin mutum ke faɗin aikinsa: tauraro a wuyan hannu ga wanda ya taɓa fita wajen kumbo, zobe a dantse ga wanda ya ceci rai, tsaga a kunci ga wanda ya gudu ya bar abokinsa.

Tsarinmu shi ne in karanta wasa, darakta ya amince, sannan in kalli gwaji. Duk an bi. Sai dai a gwaji ba a yin kwalliya, don haka babu wanda ya ga zanen.

Ranar biki bayan la'asar iyaye suka cika fili. Da mai wasan maci amana ya fito, ashe Mushe Idi ya riga ya ja masa gajerun layuka da kwalli a ƙasan ido, da wani dogo zuwa kunne. Daga kansa ya ƙago su. Shugaban kumbo ya nuna fuskar, ya ce duk inda aka ga mai wannan alama kada a ba shi ruwa.

A layin gaba akwai Alhaji Maiyaki, dattijo mai sayar da shanu a Balleyara, wanda jikokinsa ke karatu wurinmu. Tsagar gidansu ke nan, ba ragi. Ya miƙe a hankali ya ce da ni: "Malam Sani, ubana ya riƙe ni wanzami ya yi min wagga aska. Wa muka gudu muka bari?"

Na ce kuskure ne, malamin baƙo ne. Ya ce baƙo bai sani ba, amma makarantar ba ta baƙi ba ce. Ya fita, danginsa suka bi shi.

Washegari muka tafi gidansa ni da darakta da Mushe Idi. Ya karɓi haƙurinmu, har ya sa aka kawo fura. Amma a kasuwa an riga an fara kiran jikokinsa 'yan kumbo, babbar cikinsu ba ta dawo aji ba. Aka rufe ƙungiyar. Da aka tafi hutu Mushe Idi ya nemi canjin wuri, aka ba shi.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, galibinku fuskarku ba aska, kuna ganin abin ya wuce. Iyayen da za su zauna gabanku suna karanta fuska kafin su saurari magana. Tun daga shekarar na sa doka a yi gwajin ƙarshe da cikakkiyar kwalliya, a gaban dattijo ɗan gari. Dokar tana nan, amma ba a sake samun malamin da ya rubuta wasa ba.