Ranar da Muka Hau Benen Gilashi

Ban taɓa son benen nan ba. Duk safiyar da jirgin ruwa ya taso da mu daga Staten Island, shi ne ke fara tokare wa mutum ido, dogo, sumul, yana ƙyalli kamar sabuwar wuƙa. Gindinsa murabba'i ne, ba taga ko ɗaya sai an yi sama sosai, sannan kusurwoyinsa su riƙa zaftarewa a hankali har ƙoli, inda aka kafa masa tsinin ƙarfe. Baƙi kan tsaya su ɗaga kai har hula ta faɗi. Ni direban tasi ne, cunkoson da yake jawowa kawai na sani.

Abokin zamana a unguwar Park Hill mutumin Maraɗi ne, ya girme ni, Yaya nake ce masa. Teburin sana'arsa ba nisa da benen. Yana sayar da laima da huluna, da benen kansa na roba, ɗan ƙarami, wanda baƙi ke saye tsaraba. Ya baro 'yarsa a Maraɗi tana rarrafe, kuma takardunsa ba su cika ba, in ya fita daga ƙasar nan babu dawowa. A waya ta girma a gabansa. Da ta shiga babbar makaranta tana koyon zanen gine-gine, sai ta sa shi gaba, lallai ya hau benen ya ɗauko mata hoton garin daga sama. Ya yi ta ja mata rai, don mutumin tsoron lif, na'urar hawa bene, yake kamar me. Ƙarshe dai ya sayo mana tikiti na wata Laraba da azahar.

Da hantsin Larabar ina layin tasi a filin jirgin sama na JFK, ƙanensa ya kira ni daga Maraɗi. Yarinyar ta rasu da asubarsu, zazzaɓin kwana kaɗan, har an dawo daga maƙabarta. Ya ce, “Don Allah kada ya ji a waya, kada ya ji a bakin titi. Ku zaunar da shi, a samu babba a wurin.”

Haka muke yi. Ba a jefa wa mutum mutuwa yana tsaye. Na kira limamin masallacinmu, yana shagonsa a Fordham Road, ya ce sai bayan la'asar zai iya isowa, zai tara mutane a ɗakinmu. In na ce da Yaya a fasa hawan, nan take zai kira 'yarsa ya ba ta haƙuri. Saboda haka na ajiye tasin, na je.

Na same shi ya naɗe tebur, ya sa farar shaddarsa ta Juma'a. Tun kafin mu gama gaisawa na miƙa hannu. “Yaya, kawo wayar, yau ni ne mai hoto.” Ƙanensa ya roƙi dangi su yi shiru zuwa yamma, amma wa ya isa ya tsare bakin dangi? Wayar na shiga hannuna ta yi ƙara. Na ga farkon saƙon, addu'ar jin ƙai ce. Na katse layin gaba ɗaya.

Aka caje mu kamar masu shiga jirgin sama, muka bi wani dogon lungu mai duhu. A cikin lif, bangon da kansa majigi ne, yana nuna garin tun yana daji har gidaje suka tsiro. Kunnuwana suka toshe. Yaya ya damƙe hannuna yana salati, yara Turawa na yi masa dariya, shi ma yana dariyar kansa. A sama aka tsayar da mu gaban wani allo, allon ya ɗage, sai ga birnin duka a shimfiɗe, koguna da gadoji da motoci kamar tururuwa. Mutane suka tafa. Na tsani tafin nan, na tsani duk wanda ya yi shi.

Yaya ya zaga yana tambayata ina gabas. Na nuna masa wajen teku. Ya gyara hula, ya ba gilashin baya, ya ce in ɗauki hoto mai motsi.

“Ɗiyata, ga ni bisa. Kin ce ba ni iyawa, to ga shi. Wanga soro, wallahi ƙafahuna rawa sukai. Duba ruwa, duba gadoji. Ki yi ta ƙoƙarin karatu a lakwal, in kin ƙare ki gina muna irinai a Maraɗi, amma gajere, don tsohonki.”

Na kasa saita hoton, har ya yi mini tsiya wai na fi shi tsoro. Ya ce in tura mata yanzu. Na ce babu layi a nan sama, alhali ga mutane kewaye da mu suna ta waya. Ya dube su, ya dube ni, ya juya wajen gilashin.

A jirgin ruwa bai nemi wayarsa ba. A bas ma haka. Ya zauna da carbi, benen yana can bayanmu.

Da muka fito lungun ɗakinmu, takalma ne jere tun daga ƙofa har wajen matakala. Ranar Laraba, tun rana ba ta faɗi ba, kowa ya baro aikinsa. Yaya ya tsaya cak. Mahaifiyarsa ta tsufa ƙwarai, ya daɗe yana shirin jin wannan labari.

Ya ce a hankali, “Tsohuwa ce ko?”

Liman yana ciki, taku kaɗan ya rage in cika abin da aka ɗora mini. Na buɗe baki in ce mu dai shiga, sai na ji kaina na ce, “A'a, Yaya.”

Ya dubi aljihuna, inda wayarsa take. Sannan ya sunkuya ya fara cire takalmansa.