Kunun Da Ban Taɓa Ɗanɗanawa Ba

Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da zuwa Legas ba. Aure ne ya ɗauko ni daga ƙasar Katsina ya dire ni a Agege, maigidana yana harkar manyan motoci a Mile 2, ni kuma ina gida da 'yata ta fari mai wata bakwai. Gidan haya ne, ɗaki na kallon ɗaki. A lokacin ji nake duk gidan babu wadda ta kai ni iya reno. In na ga maƙwabciyata, wata haifaffiyar Agege mai 'ya'ya uku, tana dama wa ɗanta abincin gwangwani, sai in taɓe baki in ce a raina lalaci ne kawai.

Ni da hannuna na haɗa garin kunu: gero, waken suya, gyaɗa, dabino da busasshen kifi. Na jiƙa waken, na wanke geron, na baza a tabarma kamar yadda muke yi a garinmu, inda shanyar hantsi kan bushe ƙayau kafin la'asar. Damina ce kuwa. Maƙwabciyar ta ce mini ranar Legas ba ta busar da abu har ciki, in soya sosai, kuma in riƙa yi kaɗan-kaɗan. Na yi kunnen uwar shegu da ita. Na soya sama-sama, na kai inji, na juye garin da ɗuminsa a bokitin fenti, na danne murfi don gudun kyankyasai.

Da farko yarinya ta sha har tana lashe baki. Da aka kwana biyu sai ta fara kau da kai, tana datse baki tun daga ganin kofi. Na ce rigima ce, na koma yi mata ɗura: in kwantar da ita a cinya, in toshe mata hanci, in zuba da tafin hannu tana shure-shure. Gudawa ta kama ta, na ce haƙori ne. Jigidar ƙugunta ta fara zamewa saboda rama, ni kuma sai na ƙara yawan kunu. Duk wannan ban taɓa kai shi bakina ba, domin ƙarnin kifi yana tayar mini da zuciya. Zafinsa kawai nake gwadawa a bayan hannu, kowane wari na ji kuma sai in ɗora wa kifi.

Wata safiya kukan yarinyar ya ishi maƙwabciyar, ta ɗaga labule ta tambaye ni ko ni na taɓa shan kunun nan. Don in kunyata ta na cika cokali na kai baki. Wallahi ɗaci ne da tsami, kamar an matse mini tsumman goge-goge a harshe. Na ja bokitin zuwa haske na kife shi a faranti. Saman ne kawai gari. Ƙasan duk ya cure, ya yi funfuna kore da baƙi, ga zare-zare kamar yanar gizo, ga fararen tsutsotsi suna motsi abinsu. Nan na tuna da 'yan gudajin da nake murjewa da ludayi a rariya ina cewa dabino ne. A bakin kwata na durƙusa na yi ta amai, ƙyamar kaina ta fi ta bokitin.

Ita maƙwabciyar da na raina ce ta goya yarinyar zuwa asibiti, ina bin ta a baya kamar ɓarauniya. Aka yi mata ƙarin ruwa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mu gode Allah, domin ita kanta ɗurar tana iya tura kunu cikin huhun yaro.

Ban daina kunun gida ba, laifin ba nasa ba ne. Amma ina roƙon iyaye mata, musamman 'yan uwana da suka taso a Arewa: ku busar sosai, ku yi kaɗan, ku leƙa ƙasan mazubi, kuma kada ku ba yaro abin da ba ku ɗanɗana ba. In ya ƙi abinci, magana yake muku da bakin da yake da shi. Tawa ta yi ta faɗa mini gaskiya, ni kuma ina toshe mata hanci. Allah ya ba ta lafiya, amma ta daɗe ba ta karɓar komai daga hannuna. Sai dai in dama, in miƙa wa maƙwabciyata kofin, in koma bayan labule ina leƙen 'yata tana buɗe wa wata baki.