Irin Albasar Da Ya Ji Wuta

A gidanmu na Agadas ba a fara tatsuniya sai an wanke kwanonin tuwo. Mu Kirista ne, iyayenmu sun zo daga kudu, babanmu yana gyaran manyan motocin da ke ɗauko albasa daga Tabelot. Maƙwabtanmu kaf Musulmi ne. Da an idar da sallar magariba sai ƴaƴansu su shigo, mu zagaye ragowar garwashin murhu, Kaka Saratu, uwar babanmu, tana tsakiya tana gasa tafin ƙafarta. Ita da nata salon buɗe labari. Sai ta ce, "Ga baƙuwa bakin ƙofa, wa za ya ba ta wuri?" Mu amsa da ƙarfi, "Ta shigo ta ji ɗumi!"

Shekarata tara a lokacin, kuma ba ni da sauƙi. Kowane labari aka ba da, so nake in ga mai laifi ya sha kashi kafin a tashi. Shi ya sa Kaka ta raɗa mini "Alƙaliya", har ƴan unguwa suka ɗauka. Akwai labari ɗaya da kullum muke faɗa da ita a kansa.

Wa da ƙane ne, in ji ta, masu lambu a cikin duwatsu. Wan zai bi ayarin gishiri, sai ya ba ƙanen ajiyar irin albasarsa a cikin ɗan gora, ya ce ya nisanta shi da zafi. Ƙanen ya yi sakaci, ya bar goran a gefen murhu har ya yi zafi jau. Da ya buɗe sai ya ga irin yana nan baƙi ƙirin yadda yake, domin mataccen iri da mai rai ido ba ya raba su. Ya toshe goran, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Wan ya dawo, ya shuka. Kowace safiya raƙumi yana jan guga, ruwa yana bin fangali, ƙanen kuwa shi ne kan gaba wajen ban-ruwa. A nan Kaka takan rage murya ta ce, "Ku dube shi hwa. Ya san babu abin da za ya hito, amma ya hi kowa haɗa zuhwa." Kwana bakwai, kwana goma, ƙasa shiru. Lokacin shuka yana wucewa, shi kuma abinci ya daina shiga masa. Rana ta goma sha biyu ya jefar da fartanya, ya durƙusa cikin laka, ya faɗi abin da ya yi.

Wan ya kama hannunsa, ya kai shi bayan dabinai. Ga wani fangali ya yi kore shar. Ashe tun ranar shuka ya ji ƙaurin hayaƙi a jikin irin, ya roƙo wani wajen maƙwabci ya shuka a ɓoye. Ya ce, "Bakinka kaɗai nike jira. Tashi, rabi naka ne."

"Shi ke nan?" Haka nake zabura kowane lokaci. "Ko bulala ɗaya? Har da rabi?"

Kaka ta yi dariya har da tari. "Alƙaliya, mi kike so a yi mishi? Kwana goma sha biyu yana bugun kainai. Ubangiji ya san abin da kika yi tun ba ki buɗe baki ba, kuma Yesu ya riga ya ɗauke. Faɗin da kike yi, don ki iya miƙa hannu ki amsa ne." Ban yarda ba. Na kwanta ina ƙunƙuni cewa an cuci wan.

Kaka ta rasu ina koleji. Na girma na zama malamar makaranta a garin nan, kuma Alƙaliyar tana nan, yara suna shakkata. Wata shekara aka ba ni tattara takardun rajistar masu jarrabawar fita. Bayan an aika da su, ina gyaran aljihun tebur sai na ga na Zainabu, ɗiyar maƙwabciyata Mariyama, sun maƙale a ƙasa. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin. Da na yi magana ranar, wataƙila da an gyara. Kunya ta hana ni, ni da ban taɓa yafe wa kowa makara ba. Sai na ce wa Zainabu ta riƙa zuwa gidana da la'asar in ƙara mata karatu. Mako biyu tana zuwa, tana ba da amsa daidai, uwarta tana aiko mini da fura, ni kuwa na san babu sunanta cikin masu jarrabawar.

Ran Lahadi a majami'a aka ce kowa ya furta zunubinsa a zuci. Na sunkuya, sai na ji ba mantuwar ce ta fi nauyi ba, shirun ne, da furar da nake sha. Na faɗa wa Ubangiji da sunansa, ban yi masa kwalliya ba. Washegari na faɗa wa shugaban makaranta, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma an rufe rajistar. Daga nan na wuce gidan Mariyama.

Ni babu wani fangali da aka ɓoye mini bayan dabinai. Zainabu ta yi asarar shekara guda cur, kuma ni na jawo. Mariyama ta saurare ni har ƙarshe, hawaye suna zuba, ta ce, "Madam, kin ɓata muna. Tahi gida tukuna." Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. A ranar na gane cewa hukunci ya fi alheri daɗin karɓa, domin wanda aka hukunta yana tashi da sauran girman kansa.

Kwana uku ban ji motsinsu ba. Rana ta huɗu da la'asar aka yi sallama. Zainabu ce, idanunta a kumbure, littafinta a hammata. Ta zauna a tabarma inda ta saba, ta buɗe shafi.

"Inna ta ce mun yahe, kuma baɗi ma ajinki za ni zamna. Madam, ina muka tsaya?"

Ban cancanta ba, kuma babu abin da zan yi in cancanta. Na share fuskata, na matso kusa da ita, na nuna mata wurin.