Ranar da Haddu Ya Jefi Ragunan Dutse

Haddu mai injin niƙa ne a garin Tunfit, amma in ka tambayi matarsa Itto, cewa za ta yi dutse ta aura, shi dai yakan leƙo gida cin abinci. Tun da wani surukinsa ya bar masa tsohuwar kyamara, da zarar dusar ƙanƙara ta rufe dutsen Ayashi sai ya kulle injin, ya zura jallabiyar ulu, ya cusa burodi da zaitun a hularta, ya haura. Baturin a hammata yake ɗaukarsa, don kada sanyi ya shanye shi a hanya. Yatsun ƙafarsa biyu ma sanyin can ne ya cinye.

Ragunan dutse yake bi, masu gemun nan har ƙirji, waɗanda kowa ya ce maharba sun ƙarar. Shi kuwa ya tarar da guda tara a wani kwazazzabo, ya ja bakinsa ya yi shiru. Hunturu bakwai ya yi yana zama musu a wuri ɗaya da tufa ɗaya, ko tari ba ya yi, har suka daina ɗaukarsa mutum. Babbansu mai karyayyen ƙaho, wanda ya laƙaba wa Dattijo, yakan yi kiwo dab da takalminsa.

Kyan wuri ne ya yaudare shi. Wata safiya Dattijo ya tsaya a kan falalen dutse, rana ta haske shi, sai Haddu ya ja da baya don ya haɗa da wani busasshen itacen al'ul da tsawa ta raba biyu. Hoto ya yi kyau, ba ƙarya. 'Yarsa Yamna da ke birnin Maknas ta saka shi a intanet, aka yi ta yabo, mutuminka ya yi mako guda yana tafiya da ƙyar don alfahari.

Ranar kasuwa Mimun mahauci ya janyo shi bayan rumfa.

"Kai dai Allah ya shirye ka, Haddu. Ka ɗauki rago, to sannu da ƙoƙari. Uban wa ya ce ka haɗa da ƙofar gidansu? Wane makiyayi ne bai san itacen nan ba? Jiya wasu ƙarti uku suka zo da bindigogi naɗe a bargo, suna nuna hoton nan naka a waya. Sun samu mai kai su gobe da sassafe."

Haddu ya ruga wurin masu gadin daji, suka ce motarsu ba ta iya hawa sai an share hanya. Ya kira Yamna, ta ce, "Baba, na goge, amma wallahi ya riga ya bazu."

Itto ta tare ƙofa.

"Baban Yamna, dubi sama! Da furfurarka za ka je ka mutu saboda ragon da ko layya ba za mu yi da shi ba?"

"Ni na nuna su, Itto. Matsa mini."

Awa biyar ya yi yana kutsawa, dusar har cinya, tsoro na cin ransa. Da la'asar ya iske su, tara cif, suna tonon ciyawa. Ya ɗaga hannu ya kurma ihu. Suka ɗago suka dube shi, suka ci gaba da tauna. Ya tafa, ya buga butar shayinsa a dutse, ya zazzage su da duk zagin da ya sani. Dattijo ma matsowa ya yi yana shinshina. Nan Haddu ya gane cewa hoton ƙaramin laifinsa ne. Shi da kansa ya cire musu tsoron mutum, gobe kuma mai jallabiya irin tasa zai zo ya zauna, su matso.

Ya tona ƙanƙara da yatsun da ba ya ji, ya zaro dutse. Sau biyu yana ɗagawa yana saukewa. A na uku ya saki, ya sami Dattijo ƙarƙashin ido. Jini ya ɗiga a farar ƙasa. Ragon ya tsaya ya dube shi. Sannan suka zabura. Ya bi su yana jifa yana kuka, yana faɗuwa yana tashi, har suka tsallaka tudu suka ɓace. Washegari maharban suka tarar da itacen nan kaɗai, babu ko sawun ragunan.

Hunturu huɗu ke nan yana hawa, bai ƙara samun hotonsu ko ɗaya ba. Bara ya hango su can nesa, iska na kai musu warinsa suka watse. Da ya sauko, Itto ta miƙa masa shayi ta ce, "Yau fa, an samu?"

"Sun guje ni," in ji shi, hawaye na bin gemunsa. "Alhamdu lillahi. Tun daga nesa suka guje ni."