Tutar da Muke Tace Kamu da Ita

Shekara biyar ke nan da rasuwar kawuna Bakari, kuma gara in faɗi laifina kafin wani ya riga ni: ni ne na ba Inna tutar ƙasarsa ta tace kamu. Ina yaro na tsinci ƙyalle shara-shara a akwatinsa, na ce kai, ga mataci ya samu.

Kawu shi ya kori Turawa daga ƙasarsu can gabas, da bindigogin toka da bakinsa. Bakin ya fi bindigogin ƙara. Idan yana jawabi har jakuna kan daina kuka su saurara. Shi ya zama shugaban ƙasa na farko. Bai gama ɗumama kujera ba, sojojin da ya koya wa fareti suka raka shi bakin iyaka. Duniya rawar 'yan mata. Ya iso gidanmu a unguwar Shamaki ta Gombe a bayan motar auduga, daga shi sai akwati.

Da ya ga tutarsa tana ɗiga a ƙwarya, na tabbata yau za a yi juyin juya hali a gadon bayana. Inna ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wannan ja'irin ne."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Bar ta, Hauwa. Yau ta fara ciyar da wani."

Burinsa ɗaya ne, ya koma gida, ko da a makara. Kullum yana tashar Bolari yana tambayar direbobi ko an buɗe hanya, har suka sa masa suna Shugaba Ina-Labari.

Yau kuɗin mai sun cika Gombe, ko akuya ta kusa sayen babur. Samarin ƙasar da ya 'yanto kuwa su ne ke sauke mana siminti a tashar nan. Da Kawu zai gan su, me zai ce? Na tambayi ɗaya ko ya san Bakari. Ya ce, "Wanne, mai shayi?" Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar da ya rasu, Baba ya buga waya ofishin jakadancinsu. Muka jira har la'asar, ba amsa. Nan Gombe aka binne shi. Tutar ta huje a tsakiya, da gefen Inna ke tacewa yanzu.